Kirarin da Na Yi wa Jikana a Filin Besbol

Assalamu alaikum, Edita. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa. Surukata ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. A garinmu ba ni da boko amma ina da baki. Ni ce mai guɗa a kowane biki na unguwar mahauta, ni ce mai zuga. Marigayi maigidana mahauci ne kuma ɗan dambe, kuma shekara da shekaru kirarinsa a bakina ya zauna. In na buɗe murya, rago ma sai ya miƙe. Da wannan nake taƙama, da shi kuma na zo Kuala Lumpur bara, lokacin da ɗana da ke karatun digirin ƙarshe a wata jami'a da ke Jalan Semarak ya aiko in zo in yi wa matarsa zaman jego.

Na tarar da babban jikana ya kai shekara goma sha biyu. Tun yana rarrafe aka kawo shi ƙasar nan, in iyayensa suka yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. Ni kaɗai yake lanƙwasa wa harshe, don ya san ba ni da wani yaren. Ina kiransa maigida, ina ce masa ragon miji wanda bai taɓa kawo cefane ba, shi kuma ya ce ya sake ni tunda haƙorana sun zube. Yaron nan yana wani wasa da ake kira besbol. Wani ya jefo ƙwallo, kai ka maka mata kulki, ka ruga ka bi zango uku ka dawo gida, shi ne ci ɗaya. In aka cafe ƙwallonka a sama an fitar da kai, in aka fitar da mutum uku damarku ta wuce. Iyakar abin da na yarda na koya ke nan. Uban yana fama da littattafai, uwar tana ɗaki da jaririya, sai ya zama ni ce mai raka shi kowace Asabar, mu hau jirgin ƙasa na LRT daga Titiwangsa har Bukit Jalil.

Ƙungiyarsu ta yara ce, an ce bara ta ƙarshe suka zo. Amma bana sai Allah Ya buɗa musu. Suka yi ta cin wasa, har wanda aka yi cikin ruwan sama muna tsugune ƙarƙashin lema ɗaya da wata Bajapaniya. Iyayen yaran, Malay da Sinawa da Indiyawa, ba na jin maganarsu, ba sa jin tawa, amma ƙosaina ya haɗa mu. Har tapau suke yi, wato su ƙunsa su kai gida. Ranar da na fara rangaɗa guɗa filin ya yi tsit, sai kuma aka kwashe da tafi. Daga nan suka sa mini Nenek, wato kaka, kuma in yaranmu suka shiga matsi sai iyaye su juyo suna cewa Nenek boleh, wai kaka za ta iya. Kaina ya kumbura. A raina na ɗauka muryata ce ke ci musu wasa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Wani lokaci kocinsu, wani dattijon Basine mai ƙarancin magana, yakan taɓa hularsa da kunnensa, sai in ga jikana ya rage tsawo ya gitta kulkin, ya ɗan tare ƙwallon ta gangara gabansa. Nan take a fitar da shi. A jirgi na ce masa wannan wane irin abin kunya ne, kamar mai korar kaza daga tabarmar shanya. Ya yi ta ƙoƙarin fahimtar da ni da guntuwar Hausarsa cewa da gangan ne, shi ya faɗi don ɗan'uwansa ya wuce gaba, kuma duk ƙungiyar ba wanda ya kai shi iya wannan. Na ce ya rufe mini baki, a gidanmu ba a haifi mai faɗuwa da gangan ba.

Suka kai wasan kusa da na ƙarshe, wanda in an cinye ka sai baɗi. A zagayen ƙarshe ana gabansu da ci ɗaya, an riga an fitar musu da mutum ɗaya, wani yaronmu Malay kuma yana tsaye a zango na uku, taku kaɗan ya rage ya shigo gida a yi kunnen doki. Jikana ne da kulki. Na ga kocin ya taɓa hula da kunne, na ga yaron ya fara rage tsawo. Jifan farko ya bauɗe, bai taɓa ba. Edita, a nan shaiɗan ya hau harshena. Na miƙe, na ɗaure mayafi a ƙugu, na saki kirarin kakansa tun daga tushe. Na kira shi jikan mai hannun guduma, jikan wanda bai taɓa kai gwiwa ƙasa a fage ba. Na ce gidanmu duka ake yi ba shafa ba, in ya durƙusa yau ba jininmu ba ne. Iyaye suna ta tafi, sun ɗauka waƙa ce. Duk filin mutum ɗaya ne ya ji abin da na ce. Ya waiwayo ya dube ni, na ga ya miƙe tsaye ya ɗaga kulkin.

Ya maka da duk ƙarfinsa. Ƙwallon ta tashi sama kamar abin kirki, ta dawo ta faɗa hannun mai jifa. Yaron Malay kuwa tuni ya rugo, don shi umarnin koci ya bi. Kafin ya koma zangonsa an riga shi da ƙwallo. Mutum biyu a bugu ɗaya. Wasa ya ƙare, shekara ta ƙare, yara suka zube a ciyawa suna kuka.

Wannan kuskure ne, kuma da a nan na tsaya da sauƙi. Da yamma kocin ya kira ɗana a waya ya ce yaron ya ga alama ya ƙi bi. Ɗana ya tsayar da shi a falo ya yi masa tatas, ya ce son kai ne da neman suna, ya zubar da wahalar yara goma sha wani abu. Ina zaune a wurin da carbi a hannu. Yaron ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, yana jira. Ni da ban taɓa rasa magana ba, na sunkuyar da kai ina jan carbi. Girman kai ya hana ni in ce ni ce, a gaban ɗan da na haifa da matarsa.

Bayan sati biyu iyaye suka yi taron makan, wato cin abinci, a bakin tafkin Titiwangsa. Aka baje tabarmi ana tuna wasan ruwan sama, ana dariya, wasu na share hawaye, kowa na cewa bai taɓa ganin shekara irin wannan ba. Suka ba ni hular ƙungiya, wai ni ce babbar mai goyon baya. Na karɓa, har na ɗora ta kan ɗankwali. Sai uwar yaron Malay ɗin nan ta riƙe hannuna, ta sa jikana ya yi mana tafinta, ta ce waƙar da na yi ranar ta ratsa ta, me take nufi? Ya ba ta amsa a taƙaice, ta rungume ni. A hanya na tambaye shi abin da ya gaya mata. Ya ce ya ce mata addu'a nake yi musu.

Tun ranar kulkinsa yana ƙarƙashin gado. Yana gaishe ni da ladabi, yana kawo mini ruwan alwala, amma ya daina sakina, ya daina tsokanar haƙorana. In na ce maigida, sai ya amsa da Turanci.

Surukata ta ajiye biro sau biyu kafin mu kawo nan, don yau ta fara jin wannan labari. Na roƙe ta ta karanta wa mijinta takardar kafin a aiko muku, a gaban yaron. Ranar Asabar kuma ɗana zai raka ni wurin kocin ya yi mini tafinta, in mayar da hular da hannuna.

Ina kira ga tsofaffi irina da ake ɗauko mu daga gida a kawo mu cikin jikoki. Yaran nan suna jin maganarmu fiye da yadda muke zato, kuma zuga ba ta san fagen da aka sake ta ba. Abin da ba ku gane ba ku tambaya, ko da wanda zai koya muku bai kai kafaɗarku ba. In kuwa kun yi ɓarna, ku faɗa tun yaro bai ɗauke muku kayan ba. Ni na yi shekara sittin ina kirarin namijin da bai taɓa durƙusawa ba, ashe jarumin gidanmu shi ne wanda ya yarda ya faɗi don wani ya wuce. Ranar wasa na hana shi yi wa abokinsa. Daga baya ya faɗi domina sau biyu, a gaban ubansa da bakin tafki, ina kallo.