Kakana a Bayan Zani

Warin tsami ne ya fara fitowa da aka buɗe gwangwanin fim ɗin, irin na ruwan khal da ya daɗe a kwalba. Tsohon da babana ya ɗauko daga unguwar Shajara, wanda ya yi aikin haska fim a samartakarsa, ya sunsuna ya girgiza kai.

"Hajja, zaren fim ɗin nan ya fara ruɓewa," ya ce wa kakata. "Wataƙila ya wuce ta injin sau ɗaya, wataƙila ya tsinke."

"To ya wuce sau ɗayan," in ji Habboba. Haka muke kiranta.

Kakana tela ne a kasuwar Omdurman, ya rasu kafin a haife ni. Ya taɓa sayen tsohuwar kyamara wadda ba ta ɗaukar murya, yana shirya gajerun wasannin barkwanci, shi ke tsarawa, shi ke fitowa. Ɗaya ne kawai ya rage, shi ne a cikin gwangwanin nan. Habboba ta ce tana so ta sake ganin tafiyarsa tun idonta na gani. Ni kuwa ina shekarar farko a jami'a, na daɗe ina ƙera masa fuska a raina.

Bayan magariba muka jera angarib, gadajenmu na igiya, a tsakar gida. Majigin ya fara kaɗawa, haske ya faɗa kan bango. Sai ga wani siririn mutum da babban rawani yana bin akuya a bakin Nilu. Ya faɗi, ya tashi, ya karkaɗe jallabiya da girman kai. Na yi dariya har na riƙe ƙanwata. Daga nan ya isa wani shago, ya miƙa wa dattijon shagon hannu, ya zauna cin wake.

"Tsayar," in ji Habboba.

Tsohon ya kashe injin.

"Wannan ba shi ba ne. Mijina bai taɓa ba babba hannun hagu ba. Ga shi har yana ci da shi. Kun lalata min shi."

"Hajja, ban juya zaren ba. Rubutun shagon ma daidai yake karantuwa."

"Kai dai tsufa ya cinye maka sana'a."

"Ya cinye min haƙora, sana'a tana nan."

Ba wanda ya yi dariya. Habboba ta ja tob, mayafinta, ta rufe fuska, ta ce a kai ta ɗaki. Idan ta shiga, da wannan baƙon mutumin za ta zauna har ƙarshen ranta, zaren kuma ba zai jira wata rana ba.

Gwaggona, babbar 'yarta, ita ta yi magana a hankali. "Inna, a da ai ba a bango ake haskawa ba. Zani ake ratayawa tsakanin maza da mata. Mu a baya muke zama."

Na ruga na zare farin zanin gadona. Muka ɗaure shi a igiyar shanya, muka zagaya da angarib ɗin Habboba bayansa, na zauna a gefen ƙafarta. Tsohon ya yi bisimilla ya mayar da zaren baya kaɗan. Ina jin ƙarar kowane haƙorin injin a ƙirjina.

Hoton ya ratso zanin, ya ɗan dushe, iska tana kaɗa shi. Kakana ya shigo ta ɗaya gefen, ya miƙa dama, ya ci da dama.

"Ga shi nan," in ji Habboba. "Dubi tafiyar, kamar mai bin bashin iska." Ta saki tob ɗin, ta dafa kaina, ba ta ɗauke hannun ba har zaren ya ƙare lafiya. Sai a lokacin na ji ƙamshin shayin da ya huce a gabana.

Shekaru bayan rasuwarta, mun riga mun bar Omdurman, na haɗu da wani dattijo da suka yi ɗinki a rumfa guda da kakana. Shi ya gaya min da gangan kakana ya yi fim ɗin nan da hagu, a shekarar da ya yi aure, don amaryarsa ta gan shi daidai daga inda take zaune. Mazan unguwa sun daɗe suna yi masa tsiya a kai.