Sabis ɗin Gangaren Tudu

Duk lokacin da ake gasar ƙwallon tebur ta ƙungiyoyin maza na ƙasashe sai na kalla a waya, kuma kullum da ɓacin rai nake tashi. Matata ta yi magana har ta gaji.

A can baya teburinmu a Gangaren Tudu yake, cikin Keffi, a gindin mangwaro. Ni na haɗa shi da katako, ni na koya wa ƙanena riƙe bat. Wurin akwai iska, ƙwallon kuwa ba nauyi, in ka cilla shi sama sai dai ka tsinto shi a kwata. Shi ya sa muka saba da sabis, wato bugun farko, irin namu: ka damƙe ƙwallo, ka buge shi kai tsaye daga tsakanin yatsu. Haka kowa ke yi a unguwar.

Kafin shekara biyu ƙanena ya fi ƙarfin kowa. Har daga Jigwada ake zuwa a sha kashi a koma.

Wata rana ya dawo daga gidan kallo, ya same ni ina ɗaure raga, mutane cike.

"Yaya, na ga 'yan ƙasashen waje suna buɗe tafin hannu, su cilla ƙwallo sama kafin su buga. Doka ce?"

"Iyayi ne kawai," na ce. "Kai dai buga abinka."

Ban san amsar ba. Amma ni ake kira koci, kuma girman kai ya hana ni faɗi a gaban jama'a.

Bayan damina aka kira gwaji a Abuja. Mutum uku-uku ake haɗawa, ƙungiyar da ta yi fice a kai ta sansanin da ake zaɓen masu wakiltar ƙasa. Burinsa ke nan tun yana ƙarami. Na raka shi, aka haɗa shi da wasu biyu daga wani gari, aka ce shi zai fara.

Sabis na farko, alƙalin wasa ya tsayar da shi, ya nuna masa buɗaɗɗen tafi. Na biyu ya ba abokin karawarsa maki. Ƙanena ya juyo ya dube ni. Wallahi har yau ina ganin kallon nan.

Ya gwada cillawa. Hannun da bai taɓa yi ba ya ƙi, ƙwallo ya karkace, bat ya bugi iska. Wasu suka yi dariya a bayana, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abokansa suka ciwo wasa biyu da kyar, aka dawo kansa a wasan ƙarshe, ya sake faɗuwa. Su ukun aka sallama. Ɗaya daga cikinsu ko hannu bai ba shi ba.

Tun da muka dawo Keffi ƙanena bai sake taɓa bat ba. Yanzu tayil na daɓen gida yake sayarwa, yana da 'ya'ya uku. Muna gaisawa, muna zumunci, maganar dai ba ma yi.

Bara ya shigo gidana da hantsi, ya tarar da ni ina kallon gasar. Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon wani ɗan wasa yana buɗe tafi.

"Yaya, ranar da na tambaye ka, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Ban sani ba," na ce.

Ya miƙo mini wayar.

"Ai da ka faɗa, da na tambayi wani."