Jan Ƙyalle a Tashar Gezawa

A tashar Gezawa wata dattijuwa na zaune kusa da ni, siririya, rungume da jakar da ta sha hanya. Ina jin fatauci ya kai ta ƙasashe da dama. A gabanmu wata budurwa ke kuka, za ta Masar karatu, mahaifiyarta ta kasa lallashinta.

Dattijuwar ta zaro jan ƙyalle, tana ɗaure shi a hannun akwatin budurwar.

"'Yata, a filin jirgi akwatuna duk kamarsu ɗaya, da wannan za ki gane naki. Fasfo kuwa kada ya bar jikinki. Ni ma ranar tafiyata ta farko har Kano ina kuka."

Budurwar ta share hawaye, ta matso kusa. "Inna, can akwai sanyi?"