Kunyar Ɗan Fari Ta Riƙe Mini Ƙugu

Edita, lokacin da abin nan ya same ni ina da ƙuruciyata, na gama sakandare, ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a Jimeta. Ba ni da haƙuri, kuma ba na ajiye magana a ciki. Kowa a ofis ya san in ya taka ni, nan take zai ji. Mijina ma'aikaci ne, da aka yi sabuwar jiha aka ɗauke shi zuwa Maiduguri, ya bar ni da ɗanmu na fari. Da yaron ya isa yaye, uwar mijina, wadda muke kira Dada, ta zo daga cikin garin Yola ta tafi da shi, kamar yadda ake yi a gidajenmu. Ba wanda ya zalunce ni. A wurinmu ɗan fari na kaka ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta ko tambayar yadda ya kwana. Ni da hannuna na ɗaure masa kaya, har ina dariya ina cewa na huta da wankin zanen goyo.

Ba a jima ba ƙuguna ya riƙe. In na zauna ciwo, in na tashi ciwo, ruku'u ma sai na dafa bango. Na ɗora laifin a kan kujerar ofis, na tasa babban akawu gaba da masifa har ya sa aka canza mini, ciwo yana nan. Na je asibiti, aka duba, aka yi allura, aka ba ni ƙwayoyi, likita ya ce bai ga abin da ya goce ba. Na ce masa to ya sake dubawa, don ni ba ƙarya na zo yi masa ba. Goggona ta kawo wanzami ya yi mini ƙaho, na bar katifa na koma tabarma, duk a banza. Abokiyar aikina har tana tsokanata, wai in sayi sanda tun kafin ta yi tsada.

Duk Lahadi nakan shiga mota in je gaida Dada. Da ƙafata nake shiga lafiya, in zauna can gefe, in yaron ya nufo ni in kau da kai in ce ya koma wajen kakarsa, mata suna yaba mini kunya. Amma in na fito, sai an kama ni nake hawa mota. Na fi shekara a haka ina cewa ramukan hanya ne. Wata Lahadi yaron ya faɗi a tsakar gida, ya tashi da kuka, ya wuce ni a guje ya faɗa jikin Dada. Da ya yi shiru sai ya nuna ni, ya tambaya ko Adda ce ta kawo ƙosan nan. Adda, wato yayarsa. Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Da na yunƙura zan tashi, ƙuguna ya ƙi sam. A zaunen nan na gane ɗana bai san ni ba, na kuma gane tun ranar da aka sauke shi daga bayana nake cije haƙora.

Na jira mata suka watse, na ce wa Dada ni fa na gaji, ina son ɗana, kuma in ana ganin rashin kunya ne to a gani. Ta dube ni, ta ce 'yan boko dai ba a raba mu da abin mamaki. Sannan ta tambaye ni wa ya taɓa hana ni. Ta ce a tsakar gida ɗanta ne, amma ita idonta ba ya ganin abin da ake yi a cikin ɗaki. Ta jefo mini zane, ta tura yaron, ta ja ƙofa. Na goya shi, ƙato da shi, ƙafafunsa na dukan cinyata, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina ƙarama. Shi kuwa sai wasa yake da ɗankunnena.

Ba zan ce na warke a ranar ba. A hankali ciwon ya riƙa saki, har na manta inda na ajiye ƙwayoyin. Har yanzu yakan motsa in na haɗiye wani ɓacin rai, sai in zauna in tambayi kaina me nake ƙin faɗa. Yaron ya ci gaba da zama wurin Dada, ban karɓe shi ba, don tana riƙonsa da kyau, amma ran Asabar wurina yake yini, kuma hankalina kwance yake.

'Yan'uwana mata, in bayanku na ciwo ku je asibiti, kada ku yi wasa. Amma in an duba an rasa, ku duba abin da kuka danne a zuci. Kunya abu ne mai kyau, ni ma ina yin ta a gaban mutane. Sai dai kada ku yi ta har ɗanku ya tashi bai san wadda ta haife shi ba. Nawa saura kaɗan.