Gwangwanin Tumatir a Wuyan Kekena

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun kira matata suna tambaya ko ina raye. Ina raye. Sai dai yanzu ba ni da saifa, kuma yau zan faɗi wanda ya jawo.

Allurar dabbobi nake yi, daga Damagaram zuwa ƙauyukan Gafati da Guna, a kan keken hawan dutse. Da kan keken ya lanƙwashe, na kai wa Lawali mai gyara, wanda muka yi lakwal tare, aji ɗaya tun muna yara. Na ce ya sa mini sabo daidai da wuyan da ke riƙe shi. Ya ɗaura, ya ce wannan har jikokina za su hau.

Ba a daɗe ba kan ya soma ƙara a hanya. Na koma, ya ɗiga masa mai, ya ce yashi ne.

A gangaren duwatsu kafin Gafati na ja birki, sai kan ya juye ƙasa a hannuna. Na kifa gaba, bakin ƙarfen ya daki ƙasan haƙarƙarina na hagu. Ba jini, ba karaya. Na kakkaɓe riga, har na ƙarasa na yi wa awakin mutane allura.

Washegari kafaɗar hagu ta kama ciwo, alhali ba a kanta na faɗi ba. Sai jiri. Ina alwalar la'asar gumi mai sanyi ya karyo mini. Matata Hadiza ta ce leɓɓana sun yi fari fat. Maƙwabci ya kai ni asibiti.

Aka yi mini eko, wato hoton ciki. Likita ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, saifarka ta fashe, jini na zuba a ciki. Yanzu za mu shiga da kai."

Ana tura ni ɗakin tiyata, ba abin da nake gani sai fuskar 'yata Nana. Na ji tsoro sosai.

Ƙanena Habu da abokan aikina suka ba da jini. Ordonansi na bin ordonansi, kowace takarda da maganin da za a saya, har Hadiza ta sayar da keken ɗinkinta.

Na farka da tiyo a ciki da ƙishirwar da ban taɓa ji ba. An hana ni ruwa, sai auduga jiƙaƙƙiya a leɓe. In tari ya zo sai na rungume matashi. Daga baya ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ni, kowace safiya a buɗe a wanke ina cije da gefen zane.

Lawali bai taka asibitin ba.

Habu ne ya ɗauko keken daga Gafati, inda na bar shi, ya kwance wuyan. Bakin wuyan milimita 31,8 ne, kan da Lawali ya sa kuwa 25,4. Ashe Lawali ya yanka gwangwanin tumatir ya naɗe, ya ƙara robar taya, ya matse noti. Daga waje ba ka ganin komai. Habu ya mayar da komai yadda ya same shi.

Da iya nan ya tsaya, wataƙila da na bar shi da Allah. Amma da ya ji an gano, sai ya zauna a fadarsu ta shayi yana cewa tramol nake sha, shi ya kayar da ni. Maganar ta kai kunnen shugabana a wurin aiki. Ta kai kunnen Inna, mahaifiyata. Ta zauna bakin gadona, ta rage murya ta ce, "Ka gaya mini gaskiya, ba zan faɗa wa kowa ba."

Wannan maganar ta fi wuƙar likita yi mini ciwo.

Da na soma takawa, na sa Habu ya tura keken har rumfar Lawali, ranar da ta cika da mutane. Na kwance notin a gabansu, na zaro gwangwanin na ajiye kan bencinsa, har da hoton tumatir ɗin a jiki. Sannan na ɗage rigata. Ya ce ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ba ta da almakashi. Mutum biyu suka ja kekunansu suka fita a take.

Na bi duk wanda na san yana kai masa gyara, na nuna masa tabon cikina. Ba zan daina ba.

Ya turo dattawan unguwa neman gafara. Na girmama su, na ce sharaɗina ɗaya: ya koma fadar da ya yi mini ƙazafi, ya ce ƙarya ya yi, sannan ya je ya faɗa wa Inna. Har yau bai je ba. Don haka ban yafe ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da masu jinyar da suka jure ihuna, da waɗanda jininsu ke yawo a jikina, da Hadiza. Yanzu sai alluran rigakafi da gidan sauro, ko ɗan zazzaɓi na ji sai asibiti, amma na koma aiki.

Masu keke, ku ji. Kan keke da bakin wuyansa dole awonsu ya zama ɗaya: 25,4 ko 31,8 ko 35. Lambar tana rubuce a tsakiyar kan. In ta goge, a auna. Ku tsaya a kwance a ɗaura a gabanku. In akwai rata, akwai zoben da aka ƙera don cike ta, ba gwangwani ba. In kan ya soma ƙara, ku sauka. In kuma ƙarfe ya daki cikinku, ko ba ku ga jini ba, ku je a yi eko ranar.

Kai kuma Lawali, na san za a karanta maka wannan. Kowace safiya ta gaban rumfarka nake wucewa, kuma da gangan nake rage gudu.