Inna Ladi da Ƙawarta ta Faransa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Ladi. Manomiya ce. Ko da muka baro ƙauye muka tare a Tudun Wada, ba ta ajiye fartanya ba. Ta samu ɗan fili wajen Dutsen Abba tana shuka gyaɗa da kuɓewa.

Lokacin da nake karatun Faransanci a jami'a, littattafan da ake ba mu kusan labarinsu ɗaya ne: 'yar manoma ta yi karatu, ta shiga birni, ta gyara harshe, ta fara jin kunyar kaushin hannun uwarta. Da la'asar nakan zauna kusa da Inna tana ɓarar gyaɗa, ina fassara mata ɗaya daga ciki. Yarinyar ba ta dame ta ba, uwar take tambaya. Me take shukawa? Wa ke taya ta in sanyi ya sauko? Har ta koma kiranta "ƙawata". Wata safiya ta ce ta yi mafarkinta, suna tafe cikin alkama mai kai wa ƙirji, ba mai jin yaren wata, amma hira suke.

A littafin, yarinyar ba ta koma gida ba sai ranar jana'izar uwar. Na kasa faɗa wa Inna haka. Na ce mata yarinyar ta koma, har ta gina wa uwar ɗaki.

Da na samu gurbin ƙaro karatu a Faransa, sai na ɓoye takardar, don ƙafafun Inna sun fara kumbura. Ƙanwata ce ta tona.

"Hadiza, ki tafi," in ji Inna. "Na san yarinyar nan ba ta koma ba, muryarki ce ta sauya da kika zo wurin. Ke a ganinki uwar ta yi noman ne don 'yar ta zauna?"

Na tafi. Ina can ta rasu, saura wata huɗu in gama.

Yau filin nata ya zama shaguna, kekuna na ta kai-komo a gabansu. Nakan tambayi kaina ko za ta gane wurin, ko kuma za ta nemi wata gonar ne kawai ba tare da ƙorafi ba. Har yanzu ban yanke wa kaina hukunci kan tafiyar ba.

Ni ke koyar da waɗannan littattafan yanzu. A ajina akwai 'yan mata da ke rage murya in an tambaye su garinsu. Shi ya sa ranar farko, kafin mu buɗe shafi, nakan gaya musu cewa da kuɗin gyaɗa na iso inda nake tsaye, sannan in faɗi sunan wadda ta noma ta. Allah ya jiƙan Inna Ladi.