Takobin da Aka Tono a Gonar Awali

Jama'a, abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma wallahi ba zan ƙara masa ko gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin da na gama karatu a Madina na rasa kuɗin komawa gida da fuskar komawa, sai na samu aiki a unguwar Ƙuba wurin wani dattijo da ya mai da ƙasan gidansa ɗakin adana kayan tarihi. Asalinsa jikan Hausawa ne da suka zo hajji suka zauna, yana jin Hausa sarai, amma sai dai ka yi masa ita ya amsa maka da Larabci. Ni kaɗai nake wuni a wurin, ni da takubba, har nakan yi wata guda ban buɗe baki na yi Hausa da kowa ba, sai dai in na ƙone da shayi in ce wayyo.

Aikina shi ne in goge su da mai, in rubuta wa kowanne kati, in jera shi cikin danginsa. Ga miƙaƙƙu masu kaifi biyu na Larabawan farko, ga lanƙwasassu na Turkawa da na Farisa da suka zo daga baya, ga na mayaƙan Misra masu rubutun zinariya, can ƙarshe kuma akwatin gilashi na takubban Nasara, masu ƙota kamar gicciye. Na iya aikin fiye da yadda maigidana yake zato, don ni ɗan maƙera ne, a bakin zuga-zugin kakana na tashi, amma ban taɓa gaya wa kowa ba. Kunya nake ji, Allah ya yafe mini.

Wata rana masu haƙa hanyar ruwa a wata gonar dabino a unguwar Awali, nan Madina, suka tono takobi, tsatsa ta cinye kube da fatar ƙota, sai ƙarfen. Aka ajiye shi wurinmu kafin masu kula da kayan tarihi su ɗauke, wani duktur masanin tarihi ya zo ya jujjuya shi ya auna, ya ce miƙaƙƙe ne, ga gicciye, na Nasaran da suka zo yaƙi ne, ganima ce ta kawo shi nan. Ni kuwa ina gogewa na ga layuka uku a tsakiyar ruwan takobin, ga jinjirin wata guda biyu an buga, ga tsinin ya zama da'ira saboda yawan washi. Nan take na gane shi, domin irinsa ne a rataye a ɗakin kakana. Duktur ya waiwayo ya ce mini da Larabci, ku a ƙasarku kuna da irin wannan? Na dubi maigidana da yake ta murna, na tuna iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take, na ce a'a. Da hannuna na rubuta katin, na kwantar da shi cikin na Nasara.

Kwana uku bayan nan, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ke korar kowa daga titi, na kulle ƙofa ina zaune ina cin gurasa, sai na ji an yi sallama da Hausa a bayana. Na rantse muku sakatar tana nan yadda na sa ta. Tsoho ne dogo, rigarsa ta saƙi ce rinanniya ta koɗe, ƙafafunsa duk faso, ga igiyar hamila ta rataya takobi a kafaɗarsa amma babu komai a jikinta. Abin mamaki ban ji tsoro ba a lokacin, daɗi ma na ji, kamar an buɗe mini taga.

Na ce, "Sannu da zuwa, Baba." Na miƙa masa ruwa ya shanye, ya ce mini in karanta masa abin da na rubuta a katin takobin nan, shi idonsa ya yi rauni. Na karanta. Sai ya ce, "Ɗan maƙera, kai ma ba ka gane ni ba?"

Ya ce shi da ƙafa ya zo, ya binne abokan tafiyarsa ɗaya bayan ɗaya a hanya, takobin nan kaɗai ya iso da shi daga gida, kuma burinsa duk bai wuce ya kwanta kusa da Ma'aiki ba. Ya ce, "Ban samu wanda zai kira sunana ba da na faɗi, na haƙura. Amma a ce ɗan gida ne zai sa ni cikin waɗanda suka zo yaƙar Musulmi?" Ba faɗa yake yi ba, a hankali yake magana, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na sunkuyar da kai don kunya, ko da na ɗago babu kowa, sai kofin a kan gilashi, babu ko ɗigo a ciki.

Sai a sannan tsoro ya kama ni. Na fita ban ko kulle ba, na tafi masallaci na zauna har aka yi la'asar, na ƙudurta komai zai faru sai na faɗi gaskiya, ko da a bakin aikina. Ina dawowa na tarar da gurbin takobin fayau. Motar masu kula da kayan tarihi ta zo ta ɗauke shi, har da katina.

Na zayyana wa maigidana komai ina jiran ya ce na haukace. Dattijon nan ya zauna a kan kujera ya daɗe yana kallon gurbin, sai ya buɗe baki, karo na farko tun da na san shi, ya yi mini Hausa: "Ɗana, me ya hana ka faɗa? Ai mu ma ta hanyar nan muka zo." Mun yi ta bin sawu, wannan ofis ya tura mu wancan, aka ce yana cikin ajiya, an ba shi lamba, abin da aka rubuta ya shiga littafi.

Har yau ina Madina, ni kaɗai, ban yi aure ba, kuma duk ranar da rana ta take nakan ji nauyi a kafaɗata ta dama, daidai inda hamila ke zama. Likita ya duba bai ga komai ba. Nakan yi wa tsohon addu'a, amma ban san sunan da zan kira ba, sai in ce mai takobin Awali, kuma wani lokaci ina cikin yi sai in tuna ni ma nan za a binne ni.

Don Allah, ku da kuke baƙunta a ƙasashen mutane, in aka nuna muku naku aka ce kun san shi, ku ce kun san shi. Ni sau ɗaya aka tambaye ni.